Babi na Huɗu: Carnivàle, Labarin Zango Shida da Aka Datse a Zango na Biyu

Ranar Lahadi 14 ga Satumba 2003, mutum miliyan 5.3 suka zauna gaban talabijin a Amurka don kallon kashin farko na wani sabon shiri mai dogon zango da tashar HBO ta fitar, mai suna Carnivàle. Har zuwa wannan dare babu wani sabon shirin tashar da ya taɓa tara jama'a haka a fitowarsa ta farko. Da mako ya zagayo aka ƙirga masu kallon kashi na biyu, sai aka samu kimanin miliyan 3.5. Kusan mutum miliyan biyu ke nan suka leƙo, suka ga abin da ake ciki, suka ja ƙofa suka yi gaba. Wasunsu dama ba don shi suka zo ba. An ɗora shi ne bayan Sex and the City, shirin da ke tashe a lokacin, sai suka bar akwatin a kunne don su ga baƙon da aka daɗe ana yi wa shela.

To, me suka gani?

Labarin ya faro ne a 1934, lokacin da masifa biyu suka haɗe wa Amurkawa. Tattalin arziki ya karye tun 1929, bankuna sun durƙushe, magidanta suna bin layin karɓar miya. Sannan fari ya sauka a filayen tsakiyar ƙasar, Oklahoma da Kansas da arewacin Texas, inda manoma suka riga suka kafce ciyawar da ke riƙe ƙasa don su shuka alkama. Da ruwa ya ɗauke, iska ta yi ta kwasar ƙasar gonaki tana tashi da ita sama, har rana tsaka sai an kunna fitila. Dubban iyalai suka ɗaure kayansu a kan tsofaffin motoci suka nufi Kalifoniya neman abin kaiwa baka.

A cikin wannan ƙura aka nuna mana Ben Hawkins, saurayi matalauci wanda ya gudo daga gidan yari, yana haƙa wa mahaifiyarsa kabari a daidai lokacin da motar rusau ta banki take jiran ta ture gidansu. Wani ayarin 'yan wasa masu yawo gari-gari, da rumfunansu da lilonsu da mai duba da kati da mai wasa da maciji da mace mai gemu, suka biyo ta wurin, suka taya shi binne ta, suka tafi da shi. Ben yana da wata baiwa da yake ɓoyewa: yana iya warkar da mara lafiya, har ya tashi matacce. Amma baiwar ba kyauta ba ce. Duk ran da ya ba wani, daga wani wuri ake cire shi. A ƙarshen kashin farko ya dafa ƙafafun wata yarinya gurguwa ta miƙe ta ruga da gudu, shukar da ke gefensu kuma ta bushe nan take. A ganina wannan yana cikin dabarun ƙirƙira mafi kyau da aka taɓa sawa a shirin tatsuniya na talabijin, domin ya mayar da abin al'ajabi ya zama tambayar da ke damun zuciya: wa za a ceta, kuma wa zai biya?

A can Kalifoniya kuma akwai Justin Crowe, limamin wata cocin Methodist, mutum mai murya kamar tsawa, wanda ya yi imani da gaske cewa Ubangiji ne ke magana da shi. Ya fara da tausayin 'yan gudun hijirar da masu gari ke ƙyama, ya ƙare yana wa'azin ƙiyayya ta rediyo ga dubban mabiya. Amurka ta ga irinsa a zahiri a waɗannan shekaru, musamman Fada Charles Coughlin, wanda miliyoyi ke sauraron wa'azinsa na rediyo. Ben da Justin ba su san juna ba, amma suna mafarki iri ɗaya, kuma mai kallo ya fahimci cewa ɗaya na haske ne, ɗaya na duhu, kuma ko ba daɗe ko ba jima sai sun gwabza. Nick Stahl ne ya fito a Ben, Clancy Brown ya fito a Justin, Michael J. Anderson kuma ya fito a Samson, wadan da ke tafiyar da ayarin yana karɓar umarni daga wani maigida da ke ɓoye bayan labule, wanda ba a ganin fuskarsa.

Wanda ya ƙirƙiri wannan duniya, Daniel Knauf, ba ɗan masana'antar fim ba ne tun asali. Dillalin inshorar lafiya ne, yana rubutu a lokacin da ya samu sarari. A farkon shekarun 1990 ya rubuta labarin a matsayin fim guda, ya ga ya yi tsawo ya kuma fi ƙarfin awa biyu, ya ajiye. Bayan shekaru ya mayar da farkonsa rubutun talabijin ya ɗora a shafinsa na intanet, daga nan ya kai hannun furodusa Howard Klein, shi kuma ya kai shi HBO. Tsarin da Knauf ya zo da shi babba ne ƙwarai. Littattafai uku, kowane littafi zango biyu, jimilla zango shida. Za a faro daga ƙurar 1934 a ƙare ranar 16 ga Yuli 1945, ranar da aka gwada bam ɗin nukiliya na farko a hamadar New Mexico, a wurin da ake kira Trinity. Manufarsa ita ce a wannan rana zamanin sihiri ya ƙare, ɗan Adam ya ƙera wa kansa abin tsoron da ya fi na aljanu. Tun a jawabin da Samson ya buɗe shirin da shi aka ambaci wannan ƙarshe.

A nan matsalar farko take kwance, tun kafin a kunna kyamara. Knauf ya zama kamar mutumin da ya haƙa harsashin bene mai hawa shida, alhali mai ba shi kuɗin siminti bai yi masa alkawarin komai ba sai na shekarar da ake ciki. Tashar talabijin ba ta sayen labari gaba ɗaya. Zango-zango take saya, kuma a ƙarshen kowane zango sai an sake zama an buga lissafi.

Lissafin kuwa mai nauyi ne. Kowane kashi na Carnivàle yana cin kimanin dala miliyan 4, wato zango mai kashi 12 yana lashe kusan dala miliyan 48. A 2003 shirye-shiryen da ke cin irin wannan kuɗi ba su da yawa. Kuma idan mutum ya kalli shirin zai ga inda kuɗin ya shiga. Babu abin da za a ɗauka a titi yadda yake, domin komai na 1934 ne: motoci, tufafi, aski, fitilu, kwanukan cin abinci. An ƙiyasta cewa a zangon farko kaɗai an yi wa kusan mutum 5,000 sutura irin ta wancan zamani. Shi kansa filin wasan, da rumfunansa da katon lilon da ke juyawa sama, na gaske ne, kuma da yake labarin na matafiya ne dole a riƙa kwance shi ana kafawa a sabon lokeshin a filayen kudancin Kalifoniya, a sa kowane wuri ya yi kama da wani gari na daban. Ƙurar ma sai an kawo ta an busa. Ga manyan 'yan wasa da yawa da ake biya kowane mako, ga labari biyu da ake ɗauka a wurare biyu, kowanne da nasa mutane da nasa gine-gine, kusan kamar shiri biyu ne ake yi da suna ɗaya.

Wani zai ce ai HBO ba ta sa talla, me ya dame ta da yawan masu kallo? Gaskiya ne a wancan zamani ba ta sayar da lokacin talla kamar ABC ko NBC. Kuɗinta daga masu biyan kuɗin wata yake fitowa. Amma wannan bai 'yantar da ita daga lissafi ba, ya dai canza tambayar da take yi. Tambayarta ita ce: shirin nan yana sa mutum ya fara biya, ko ya hana wanda ke biya dainawa? The Sopranos yana yin haka. An taɓa samun sama da mutum miliyan 13 a dare guda a 2002, kuma ranar Litinin a ofisoshi hirarsa ake yi, wanda ba shi da HBO sai ya ji an bar shi a baya. Akwai kuma hanya ta biyu da shiri kan tsira ko da masu kallonsa kaɗan ne, wato ya yi arha kuma masu sharhi su ɗaga shi sama ya zama abin alfaharin tasha. The Wire ta wannan hanya ya rayu har zango biyar daga 2002 zuwa 2008. A titunan Baltimore na yau aka ɗauke shi, da motocin yau da kayan yau, kuma manazarta suna ta rantsuwa cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Carnivàle ya faɗa tsakani. Yana cin kuɗi irin na shirin da kowa ke kallo, masu kallonsa ba su kai haka ba, masu sharhi kuma sun rabu a kansa: kowa ya yarda hotonsa ya yi kyau matuƙa, amma da yawa sun ce tafiyarsa ta yi nawa.

Wannan ƙorafi na nawa shi ne wurin da masoyan shirin ba sa son a taɓa, kuma ni ina ganin dole a taɓa shi. Zangon farko kashi 12 ne, kuma har ya ƙare Ben da Justin ba su haɗu ido da ido ba. Ben ya shafe mafi yawan zangon yana gudun baiwarsa, yana mafarkin ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya da wani mutum mai zanen bishiya a ƙirji, ana ta ambaton wani Henry Scudder ba tare da an faɗa wa mai kallo ko wane ne shi ba sai da kyar. Tambaya tana haifar tambaya. Wanda ya san cewa akwai zango shida a gaba zai ga wannan shimfiɗa ce mai kyau. Amma mai kallon da ya dawo daga aiki ya zauna daren Lahadi bai ga takardar tsarin Knauf ba. Abin da ya sani kawai ya ba da awa goma sha biyu na rayuwarsa, kuma ba a biya shi da amsa ko guda mai ƙwari ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to amma sai ya ga alamar tururi kafin ya ci gaba da iza wuta.

Ban ce tafiyar a hankali aibu ce gaba ɗaya ba. Daga cikinta ne mafi kyawun abubuwan shirin suka fito. Kashi biyun da aka yi a wani garin masu haƙar ma'adinai mai suna Babylon, inda ayarin ya yi wasa ga mutanen da ba a tabbatar rayayyu ba ne, suka rasa ɗaya daga cikin 'yan matansu, suka kuma yi wa wanda ake zargi shari'a bisa al'adar 'yan yawon wasa, ba zai yiwu a yi su cikin gaggawa ba. Wanda ya kalle su ba ya manta su. Abin da zangon ya rasa shi ne rufe ƙofa ɗaya kafin a buɗe uku.

Masu shirin sun ji kukan. Ronald D. Moore, wanda ya jagoranci rubutun zangon farko, ya tafi ya kama aikin Battlestar Galactica, Knauf ya karɓi ragama da kansa, kuma zango na biyu ya zo da sauri sosai. An bayyana wanda ke bayan labule, an bayyana dangantakar mutanen, aka ɗora Ben a kan hanya kai tsaye zuwa ga Justin. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Zangon farko ya ƙare ranar 30 ga Nuwamba 2003, na biyu bai fara ba sai 9 ga Janairu 2005. Sama da wata goma sha uku ke nan babu labari, ga shirin da ke buƙatar mai kallo ya riƙe sunaye da mafarkai da alamomi a kansa. A wancan lokaci kuma babu manhajar da mutum zai buɗe ya kalli abin da ya wuce shi a dare biyu. Faifan DVD na zangon farko bai shiga kasuwa ba sai Disamba 2004, wata guda kafin a dawo. Wanda ya manta ya manta, wanda bai fara ba kuma ba shi da ƙofar shiga.

A cikin wannan dogon hutu daren Lahadi ma ya canza hannu. A Oktoba 2004 tashar ABC ta fara Desperate Housewives da ƙarfe tara na dare, lokacin da Carnivàle ke fitowa, kuma sama da mutum miliyan 20 ke kallonsa. ABC ɗin dai ta fito da Lost a Satumbar wannan shekara, shirin da shi ma ya ginu kan asirai da tambayoyi, amma kyauta ake kallonsa, kuma kowane kashi yana ƙarewa da abin da zai hana mutum barci. Masu son warware ƙulli sun samu sabon gida. The Sopranos kuwa, da zai iya jawo jama'a zuwa HBO a daren, yana hutu duk tsawon 2005.

Zango na biyu ya buɗe da kimanin mutum miliyan 1.8, matsakaicinsa ya tsaya a miliyan 1.7, rabin na zangon farko. Idan aka raba kuɗin kashi guda da yawan masu kallonsa, abin da ya kasance dala ɗaya da 'yan kai a kan kowane mutum ya haura dala biyu. Kashin ƙarshe, ranar 27 ga Maris 2005, ya ɗaga zuwa miliyan 2.4, abin da ya sa masoya suka fara sa rai. Akwai kuma kyaututtukan Emmy biyar da shirin ya ci a 2004. Amma a duba waɗanne ne: tsara fage, ɗaukar hoto, sutura, gyaran gashi, da zanen buɗe shiri. Dukansu yabo ne ga abubuwan da ke cinye kuɗin. Babu na rubutu, babu na wasan kwaikwayo, babu na gwarzon shiri, waɗanda su ne tasha ke bugawa a allon talla don jawo sababbin masu biya.

A watan Mayu 2005 HBO ta sanar cewa ba za a yi zango na uku ba. Carolyn Strauss, shugabar sashen nishaɗi na tashar, ta nuna cewa zango biyun da aka yi sun ba da labarin yadda ya kamata. Wannan magana ba ta zauna ba, kuma duk wanda ya ga kashin ƙarshe ya sani. Gaskiya ne Ben ya soke Justin a cikin gonar masara, littafin farko ya rufe. Amma a mintunan ƙarshe an ga Sofie, 'yar mai duba, wadda ta harbi wani ɗan ayarin mai suna Jonesy ta bar shi kwance, ta ɗora hannu a kan gawar Justin, masarar da ke kewaye da su ta fara bushewa tana faɗuwa. Mai kallo ya san ma'anar wannan tun daga kashin farko. An ƙare shirin ne a kan tashin mugun da aka kashe.

Shugaban HBO na lokacin, Chris Albrecht, ya fi fito da maganar fili. Ya ce da furodusoshin za su iya sauko da kuɗin kashi zuwa dala miliyan 2, da an ci gaba. Ya kuma faɗi cewa a ƙarshen mako guda tashar ta samu saƙon imel 50,000 daga masoyan shirin. Yawan ya girgiza mutane, amma 50,000 ba sa cike gurbin miliyan biyu da suka tafi. Shi kuma tayin rage kuɗi zuwa rabi, da wuya a ce tayi ne da za a iya karɓa. Sai an kori rabin 'yan wasa, an kafe ayarin a wuri guda, an koma cikin ɗaki. Abin da ya rage bayan haka ba shi ne shirin da mutanen suka rubuto wasiƙa a kansa ba. Kuma kada a manta da abin da ke kan teburin HBO a wannan shekara. Tana ɗauke da Deadwood, wani shirin tarihi mai tsada, sannan a Agusta 2005 za ta fara Rome, wanda ta haɗa hannu da BBC, zangonsa na farko kaɗai ya ci kusan dala miliyan 100. Tasha ɗaya ba za ta riƙe shirye-shiryen zamanin da guda uku masu wannan nauyi ba, kuma wanda masu kallonsa suka ragu da rabi shi ne na farkon sauka. Sauran biyun ma ba su yi nisa ba: Deadwood ya tsaya a zango uku a 2006, Rome a zango biyu a 2007.

Akwai maganar da aka saba yi cewa Carnivàle ya zo ne kafin lokacinsa, wai da a zamanin kallo ta intanet aka yi shi da ya kai ƙarshensa. Rabinta gaskiya ne. Kallon kashi bayan kashi a zama ɗaya ya dace da shi ƙwarai, kuma waɗanda suka same shi daga baya ta wannan hanya ba su cika kukan nawa ba. Amma kamfanonin intanet ba su fi HBO haƙuri ba, sun ma fi ta saurin zare wuƙa. Netflix ta fitar da The Dark Crystal: Age of Resistance a 2019, ya sha yabo, ya ci Emmy a Satumba 2020, cikin 'yan kwanaki aka sanar an soke shi bayan zango guda. Shirin tatsuniya yana da tsada a kowane zamani, domin duniyar da ba ta wanzu ba sai an gina ta da hannu.

Misalin da ya fi haskaka lamarin shi ne Game of Thrones, wanda HBO ɗin nan ta fara a Afrilu 2011, tana kashe kusan dala miliyan 6 a kowane kashi. Shi ma dogon labari ne mai mutane da yawa, shi ma ya yi alkawarin wani babban yaƙi da ba zai zo ba sai bayan shekaru. Amma ya zo da masu karatun littattafan George R. R. Martin a shirye, ana sayar da shi a ƙasashe da yawa, kuma tun a kashi na tara ya fille kan mutumin da kowa ya ɗauka shi ne jarumin labarin. Mai kallo ya samu abin da zai kai ofis ranar Litinin. Masu kallonsa suka riƙa ƙaruwa zango bayan zango, kuma tasha ba ta jin ciwon kashe kuɗi a kan abin da ke hawa.

Knauf bai bar sana'ar ba. Ya rubuta littattafan zane na Iron Man tare da ɗansa, ya kuma yi aiki a The Blacklist. A hirarraki da tarukan masoya ya riƙa buɗe abin da ya tanada: littafi na biyu zai faru tsakanin 1939 da 1940, na uku tsakanin 1944 da 1945, kuma Jonesy bai mutu da harbin nan ba. Masoya sun sha roƙonsa ya ƙarasa labarin ko da a rubuce ne. Ba shi da ikon yin haka shi kaɗai, domin ranar da ya sayar da shirin ya sayar da haƙƙin mallakar mutanen da duniyarsu, kuma suna hannun HBO.